Abin da Wankan Jego Ya Yi wa Yaya Hindatu

Abu biyu mutane suke faɗa game da ciwon Yaya Hindatu, kuma duka biyun ba haka ba ne. Na farko, wai haƙurinta ne ya cece ta. Na biyu, wai jinyar da na yi mata ce ta gyara ni. Ran nan wata ƙawar Inna ta zo gidanmu, ta dafa kafaɗata tana cewa in gode wa Allah, wahala ta yi mini rana, a dubi yadda na natsu. Na yi shiru don ta haife ni. Amma tunda ban iya faɗa mata ba, bari in rubuta. Haƙurin nan da ake ta yabo shi ne ya kusa kai yayata kabari. Ni kuwa wahala ba ta gyara ni ba, ƙara lalata ni ta yi. In akwai abin da ya taɓa mini zuciya, ta wata hanya ya zo, zan kuma faɗe shi in na kai wurin.

Duk wadda take da mai jego a gida, ta karanta har ƙarshe. Ba na son wata ta yi irin wautar da muka yi.

Mu biyu ne a wurin Inna. Yaya Hindatu ce ta fari, sai ni Shafa'atu, shekara huɗu tsakaninmu. Babanmu ya rasu ina aji uku na sakandare, ya bar mu a gidansa nan Tudun Wada. Yaya mace ce mai sanyi, ko taka ta ka yi ita za ta ba ka haƙuri. Ni kuwa in magana ta zo mini ban faɗe ta ba, sai in ji kamar zan shaƙe. Ta auri Malam Nuhu, malamin firamare a Gyallesu, mutumin kirki mai yawan sunkuyar da kai. Da cikinta na fari ya tsufa, aka dawo da ita gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Ta haihu lafiya a asibiti, mace, aka sa mata sunan mahaifiyar Malam Nuhu, muke kiranta Ummi.

Ranar da aka sallamo su, kafin la'asar Gwaggo Lami ta iso daga Dutsen Abba da ƙullin kayanta da ƙullin kanwa da gwangwanin yaji. Yayar Babanmu ce. Ita ta yi wa Inna wankan jegonmu, ita ke yi wa duk matan danginmu, kuma tana alfahari cewa babu wadda sanyi ya taɓa kamawa a hannunta. Tun rasuwar Baba, in ta yi magana a gidan nan to an gama.

Ni ce mai hura wuta. Safe da yamma nake cika rabin duro da ruwa, in tura itace har ya tafasa yana tsalle. In na ce a sirka, sai Gwaggo ta ce, "Ke 'yar boko, ƙara itace. Wanka za a yi ko alwala?" Sai ta shiga banɗaki da Yaya da damin ganyen darbejiya, tana tsomawa tana fyaɗa mata. Daga waje ina jin ƙarar ganyen, amma ban taɓa jin muryar Yaya ba. In sun fito, an riga an sa kaskon garwashi a ƙarƙashin gadon ƙarfe, an rufe taga, sai ta kwanta a gasa mata jiki. Lokacin bazara ne fa, mai lafiya ma neman inuwa yake. Sannan kunun kanwa babban kofi sau uku a rana, da farfesun da ya ji gishiri da yaji. Ni ce mai dama kunun. Ni nake jiƙa kanwar, ni nake tacewa.

Satin farko kowa murna yake. Ranar suna mata suka cika gida, suna ta cewa mai jego ta yi jawur, ta yi ɓul-ɓul, lallai Gwaggo ta iya wanka. Takalmin da aka saya mata na fitar suna ya ƙi shiga ƙafarta, muka yi ta dariya, har da ni. Na ce, "Yaya, wannan ƙafa sai ka ce ta giwa." Ta yi murmushi ta sa silifas.

Sati na biyu tari ya fara, busasshe, ƙasa-ƙasa. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango. Na lura ta tara filo uku a gadonta, na tambaye ta, ta ce ta fi jin daɗin ba Ummi nono a haka. Ashe tun lokacin ba ta iya kwanciya a miƙe, numfashi ke ƙwace mata. Ba ta gaya wa kowa ba. Ko wa ya shigo ya ce ya jiki, amsar ɗaya ce: da sauƙi.

Inna ta gani. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci a bakina. Inna irin mutanen da ce, ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba tunda ta haife ta, saboda kunyar 'yar fari. "Yarinyar nan" take ce mata. Ba ta zama kusa da ita, ba ta tambayar ta kai tsaye. Wata rana da hantsi muna madafa, ta ce da ni ƙasa-ƙasa in je in duba ƙafar yarinyar nan, kumburin bai yi mata ba. Na je na duba, na dawo na ce ƙafa kam ta haye har gwiwa. Na ce ta yi wa Gwaggo magana mana. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"So kike a ce na tsaya ina lallashin 'yar fari? A gaban 'yar'uwar ubanku?"

Na ce to ni in faɗa. Ta ce bakina ba shi da linzami, in bari. Daga baya dai na faɗa, Gwaggo ta danna ƙafar ta ce ai sanyi ne ya samu kafa ya shiga, maganinsa a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Aka ƙara. Inna tana tsaye tana ji, ta juya ta shige ɗaki.

Kada in wanke kaina. Ni ma na gaji. Wuta safe da yamma, wankin tsumman jariri, tuwo, shara, ga zafi. A sati na uku Yaya ta ce in miƙo mata buta, taku biyar tsakaninta da ita. Na ce, "Ke kaɗai kika taɓa haihuwa? Wannan ai son jiki ne." Ta miƙe ta je ta ɗauko, sau biyu tana tsayawa a hanya. Ina kallon ta, na kau da kai. Na nemi gafararta tun tuni, ta ce ita ba ta ma tuna ba, amma ni ina tunawa.

Shawarwari kuwa mun sha su. Wata makwabciya ta ce ciwon shawara ne ya bi jini, a dafa mata sassaƙe. Wata ta ce baki ne, an cika yabon kyanta ranar suna, a karɓo rubutu. Aka karɓo, ta sha. Na je kemis na kwatanta wa mai shagon, bai ga mara lafiya ba, ya ba ni maganin tari da na ƙarin jini. Malam Nuhu kullum yana zuwa in ya tashi daga makaranta, amma suruki ne, iyakarsa zaure. Yaya ta lallaɓa ta fito, ta zauna tun kafin ya ga yadda take haki, ta ce masa lafiya lau. Shi kuma ya koma gida da lafiya lau ɗinsa.

Ranar kwana ashirin da shida da haihuwa, bayan wankan la'asar, ta fito ta kasa kai ɗaki. Ta zauna a kan turmi, bakinta buɗe, tana jan numfashi kamar wadda aka danna cikin ruwa. Ta yi tari, sai ga kumfa da ɗan ja-ja a gefen zaninta. Leɓenta ya yi duhu. Ban tambayi kowa ba, na fita titi ba mayafi na tare keke mai ƙafa uku. Da na dawo Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, wai mai jego ba ta fita kafin arba'in, iska za ta buge ta, a bari a tofa mata. Na ce ta matsa. Ta ce ni da wa. Na ce da ke. Ni da wata makwabciya muka ciccibi Yaya muka wuce ta. Inna tana rungume da Ummi a tsakar gida, hawaye na zuba, ba ta ce a tafi ba, ba ta ce a bari ba.

Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa ko sauke ta ba su bari mun yi ba, suka ce mu wuce gaba. Na gaban ba zan faɗi sunansa ba, don a can aka cuce mu, a can kuma aka cece mu. Mai yankar kati ya tashi, aka ce in jira. Da ya dawo aka ce sai an buɗe fayil, wurin fayil aka ce in koma in kawo rasit. Yaya tana kan keken marasa lafiya a baranda, mai keken da ya kawo mu yana yi mata fifita da kwali, Allah ya saka masa. Wata nas ta wuce, na tare ta, ta ce duk waɗanda na gani a nan ba yawo suka zo ba. Wata ta biyu, 'yar dattijuwa, ta tsaya ta danna ƙaurin Yaya da babban yatsa. Wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Sai ta kama keken Yaya ta tura da gudu.

Likitar mace ce, 'yar siririya mai tabarau. Bayan sun sa mata oksijin sun yi mata allurai, ta kira ni gefe. Ta tambaye ni kwana nawa Yaya ta yi ba ta iya kwanciya a miƙe. Na ce ban sani ba, alhali ɗaki ɗaya muke kwana. Ta tambaya ko ana mata wankan jego da gashi, na ce e. Kunun kanwa fa? Na ce sau uku a rana. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Zuciyarta ta gaji," ta ce. "Ta buɗe kamar robar da aka ja har ta saki, ruwa ya taru mata a huhu. Haihuwa kan jawo wa wasu mata haka ko ba a yi musu komai ba. Amma ku kun samu mai ɗauke da kaya kun ƙara mata: ga zafi, ga kanwa, ga gishiri. Wa ke dama kunun?"

Na ce ni ce.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce daga yau ba kanwa, ba gishiri, ruwan sha ma sai an auna, sauran kuma mu roƙi Allah, don ba za ta yi mini alƙawari ba.

Kwana ashirin da huɗu muka yi a ɗakin da aka kwantar da ita. Satin farko Yaya a zaune take kwana, a zaune take wuni, da abin oksijin a fuska. Ni ke auna fitsarinta a roba in gaya wa nas. Komai sai an saya, daga safar hannu har sirinji, kuma rabin magungunan sai ka fita waje. Hoton zuciya sau biyu aka ɗaga mana, sau ɗaya ba wuta, sau ɗaya mai yi bai zo ba. Malam Nuhu ya sayar da babur ɗinsa a sati na biyu, ya koma tafiya makaranta a ƙasa, bai taɓa ambatawa ba. Inna ta rabu da keken ɗinkinta. Ummi aka koma ba ta madara, ta ƙi, ta yi ta zawo, sannan ta karɓa. Matar da ke gadon kusa da namu, ita ma mai jego ce daga wani ƙauye, da irin ciwon. Ranar Laraba muna hira da ƙanwarta, ranar Alhamis da hantsi aka naɗe katifarta.

To a nan ne masu cewa wahala tana ƙara imani za su saurare ni. Ni dai ba ta ƙara mini ba. Salla ina yi, amma kamar mai sauke kaya, in sallame ban san me na karanta ba. In na ɗaga hannu ba roƙo ke zuwa ba, tambaya ce: me Yaya ta yi? Mace da ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi. Astagfirullah, amma haka na kasance. Masu zuwa dubiya su zauna su ce jarrabawa ce, Allah na son ta, ni kuma lada nake kwasa. In ji kamar in kwashe su da mari. Na yi faɗa da nas, na yi faɗa da mai shara, na gaya wa Malam Nuhu a baranda cewa miji da ke tsayawa a zaure ya karɓi lafiya lau ba miji ba ne. Bawan Allah ya ce, "Haka ne, Shafa'atu," ya share ido da hularsa. Ban ji tausayinsa ba a lokacin. Zuciyata ta bushe ƙaf.

Ranar da muka kwana shida a asibiti Gwaggo ta zo dubiya. Ta zauna a bakin gado, ta yi addu'a, ta duba hagu da dama, sai ta zaro fulas daga ƙarƙashin mayafi. Wai ta ga yarinya ta rame, asibiti ba sa ba mutum abin kirki, ta kurɓa ko kaɗan ne kafin ma'aikata su gani. Na buɗe na shinshina. Kunun kanwa. Kuma wallahi Yaya har ta miƙa hannu za ta karɓa, don kada Gwaggo ta ji ba daɗi.

Na fizge fulas ɗin, na fita na tuttular a kwata a gaban mutane, na dawo na ajiye mata a cinya. Na ce, "Kin kusa kashe ta a gida, shi ne kika biyo ta nan ki ƙarasa?" Gwaggo ta miƙe, ta ce ita da ta wanke ni ranar da na zo duniya, yau ita ce mai kisa. Ta fita tana kuka.

Kafin kwana biyu labari ya zagaye dangi. Amma ba labarin kanwa ba. Babu wanda ya tambayi abin da likita ta ce. Maganar kawai ita ce 'yar Inna ta zagi Gwaggo Lami a bainar jama'a, ga abin da boko ke jawowa. Yaya ta ɗaga abin oksijin ta ce da ni a hankali, "Gaskiya kika faɗa, kika kuma ɓata ta." Na yi fushi da ita wuni guda.

Inna kullum tana zuwa da Ummi lokacin dubiya, amma can ƙarshen gado take zama, ta tambaye ni ko yarinyar nan ta ci abinci, alhali ga yarinyar nan a gabanta. Ranar kwana tara, wajen azahar, jikin Yaya ya rikice. Idonta ya juye, nas-nas suka taru, aka aika kiran likita. Sai na ga Inna ta miƙa wa wata mata Ummi, ta ture nas, ta kama fuskar Yaya da hannu biyu.

"Hindatu. Hindatu, buɗe ido, ni ce. Kada ki yi mini haka, Hindatu."

Shekarata ashirin a lokacin, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Ba zan ce sunan ne ya dawo da ita ba. Likita ta zo, an canza allura, an yi abin da za a yi, Allah kuma ya sa da sauran kwana. Bayan kwana uku kumburin ya fara saɓewa, aka cire mata oksijin. Inna ta zo, ta koma wurin zamanta na ƙarshen gado kamar ba abin da ya faru. Yaya ta dube ta, muryarta a shaƙe, ta ce, "Inna, ashe kin san sunana? Ni na ɗauka Yarinyar Nan aka raɗa mini ranar suna."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ji mini ja'ira." Matan ɗakin suka kwashe da dariya, har wadda ke da ƙarin ruwa a hannu. Yaya tana dariya tana tari, ni ina cewa ta bari kada ta jawo mana wani aikin, ina dariya ni ma. Daga nan Inna ta matso. Ta karɓi man shafawa daga hannuna ta shafa mata a ƙafa. Washegari ta zo da mataji ta tsefe mata kai ta yi mata kitso guda huɗu, suna hira ƙasa-ƙasa, tana ba ta labarin ranar da ta haife ta. Kwana goma sha biyun da suka rage mana a asibitin nan, da warin magani da sauro da komai, ban taɓa jin daɗin zama da uwata da yayata kamar su ba.

Ranar dariyar nan na fita na yi sallar la'asar a bayan ɗaki, a kan ɗankwalina. Da na kai goshi ƙasa sai kuka ya ƙwace mini. Ban roƙi komai ba, godiya kawai nake ta yi, na daɗe ban ɗago ba. Rabon da in ji cewa da wani nake magana a salla har na manta. Sati biyar na azaba ba su kai ni nan ba, dariyar minti biyu ta kai ni. Shi ya sa in aka ce wahala ce ta gyara ni nake jin haushi. Wahala ta nuna mini ko ni wace ce, kuma abin da na gani bai yi kyau ba. Daɗin ne ya sa na ji kunyar Ubangijina, na so in zama wata daban.

Ita ma Yaya na tambaye ta daga baya, me ya sa ta yi shiru kwana da kwanaki tana shaƙewa. Ta ce in daina cewa haƙuri, tsoro ne. Tsoron a ce raguwa ce, ta kasa abin da kowace mace ta yi. Ta ce haƙuri a gadon asibiti ta koye shi: ta faɗi inda ke mata ciwo, ta sha abin da aka ba ta, ta bar wa Allah sauran.

Na gode wa likitar nan, da nas ɗin da ta danna ƙafa, da mai keke, da Malam Nuhu wanda na zalunta. Ban gode wa mai kati ba, ban gode wa masu cewa lada nake kwasa ba alhali ko robar fitsari ɗaya ba su taɓa zubar mini ba.

An sallame mu da jakar magani. Yaya ta yi wata huɗu tana salla a zaune. Ummi ta yi wayo a bayana da bayan Inna, don uwarta ba ta iya goyo. Har yau in ta yi shara sai ta zauna ta huta, mace 'yar shekara ashirin da shida. Kuma kada ku ɗauka gidanmu ya canza. Muna dawowa Tudun Wada, mutane suka fara shigowa sannu, Inna ta koma "yarinyar nan" ɗinta. Sai in su biyu ne a ɗaki nake jiyo sunan, shi ma can ƙasa.

Likita ta ce kada Yaya ta ƙara ɗaukar ciki sai ita ta ba da izini. Ba ta kai ga bayarwa ba, ciki ya zo. Yanzu watansa biyar, uku daga ciki ɓoye mana ta yi, wai kunya. Na yi kwana biyu ban yi mata magana ba, sannan na raka ta asibiti. Duk bayan sati biyu muke zuwa. Likitar ba ta ɓoye mana ba, ta ce wannan karon kuskure kaɗan ya isa.

Shekaranjiya Gwaggo ta aiko. Tun ranar fulas ba ta tako gidanmu ba, amma ta ce a gaya wa Inna ta yafe, kuma in an sauka lafiya a sanar da ita da wuri. A ganinta abin da ya kayar da Hindatu wancan karon shi ne an katse wanka a kwana ashirin da shida, sanyi ya samu hanya. Wannan karon sai ta cika arba'in, har ta ɗora. Dangi duk sun ce gaskiyarta. Ba mugunta ba ce, na sani, so ne, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa. Na kira Yaya a waya, ta ce to ya za a yi, Gwaggo ce.

Ni na san yadda za a yi. Ranar Juma'a zan je Dutsen Abba. Zan durƙusa in gaishe ta, in ba ta haƙuri a kan maganar da na gaya mata a gaban mutane, don ba ta cancanci wannan kalma daga bakina ba. Sannan in gaya mata, ba ihu, ba zagi, abin da likita ta ce, in kuma ce mata a'a. In ta yi kuka zan zauna har ta gama. In ta kore ni zan koma wata Juma'ar. Yaya kuma ba za ta zo gida goyon ciki ba, mun gama magana da Malam Nuhu, ni zan tare a Gyallesu tun daga wata na takwas har a yi arba'in, kuma duk abin da zai shiga bakinta sai ya bi ta hannuna.

Na gaya wa Inna ba izini nake nema ba, sanar da ita nake. In za ta zo mu je Dutsen Abba tare, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan tari keke. In ba za ta zo ba, ni kaɗai zan tafi.